Shekarun Springfield: Sharhi kan Aikin Barack Obama a Majalisar Dokokin Jihar Illinois

Galibin abin da aka rubuta game da Barack Obama ya karkata ne ga shekaru takwas da ya yi yana shugabancin Amurka, daga 2009 zuwa 2017, alhali akwai wasu shekaru kusan takwas da suka gabace su, daga Janairun 1997 zuwa Nuwamban 2004, waɗanda ya yi yana wakiltar mazaɓa ta 13 a majalisar dattawan jihar Illinois, kuma babu wata majalisa da ya daɗe a cikinta kamar wannan, tunda zamansa a majalisar dattawan tarayya bai kai shekaru huɗu ba. Wannan zango ya cancanci a yi nazarinsa don kansa, domin yana taimakawa wajen amsa tambayar da ta shafi duk ƙasar da ke bin tsarin tarayya: me ke sa ɗan majalisar jiha ya yi aikin da zai amfani jama'a, kuma da wane ma'auni ya kamata a auna shi? Magoya bayansa sun ɗauki nasarorinsa a matsayin shaidar hazaƙarsa kaɗai, masu sukarsa kuma sun ce sa'a da ubangida ne suka ɗaga shi. Abin da tarihin ya nuna shi ne kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, domin aikin ɗan majalisa yana tsayawa ne a kan abubuwa uku: iya sasantawa da abokan hamayya, matsayin jam'iyyarsa a zauren majalisa, da kuma dacewa da lokacin da jama'a suka shirya karɓar gyara.

Tsarin majalisar da ikonta

Majalisar dokokin Illinois tana zama ne a Springfield, babban birnin jihar, wanda ke da nisan kimanin kilomita 320 daga Chicago, kuma tana da zauruka biyu: majalisar wakilai mai kujeru 118 da majalisar dattawa mai kujeru 59, inda kowace mazaɓar dattawa ta ƙunshi mazaɓun wakilai biyu. A tsarin tarayyar Amurka jiha ce ke riƙe da mafi yawan al'amuran da suka taɓa rayuwar mutum ta yau da kullum, kamar dokokin laifuffuka da hukuncinsu, gidajen yari, makarantu, aure da gado, da ƙa'idojin da 'yan sandan jiha da na birane suke aiki da su, saboda haka ɗan majalisar jiha yana da hannu a kan batutuwan da suka kai na rai da mutuwa.

Kafin ƙudiri ya zama doka a Illinois, tilas a karanta shi a ranaku uku daban-daban a kowane zaure, sannan ya samu amincewar fiye da rabin dukkan zaɓaɓɓun mambobi, ko sun halarci zaman ko ba su halarta ba, wato ƙuri'u 30 a majalisar dattawa da 60 a ta wakilai, kafin a kai wa gwamna ya sa hannu. Idan gwamna ya ƙi, sai kashi uku cikin biyar na kowane zaure ne za su iya tabbatar da dokar ba da yardarsa ba. Sai dai ainihin ikon yana hannun shugaban zaure, domin jam'iyyarsa ce ke shugabantar kwamitoci, kuma ta hanyar kwamitin tsare-tsare shi ke da ta cewa a kan wane ƙudiri za a saurara, wanne kuma za a jingine har zangon majalisa ya ƙare. Daga 1993 zuwa 2003 wannan kujera tana hannun James Philip na jam'iyyar Republican, ɗan ra'ayin riƙau daga yankunan da ke kewaye da Chicago, wanda ba a san shi da sassauci ga buƙatun birnin ba. A cikin wannan yanayi ne Obama, ɗan jam'iyyar Democrat, ya yi shekaru shida na farko.

Yadda ya shiga majalisa

Obama ya zo Chicago a 1985 ya yi shekaru uku yana aikin haɗa kan mazauna unguwannin talakawa na kudancin birnin, tare da coci-coci, don neman gyara a kan gidaje da aikin yi. Daga nan ya tafi karatun shari'a a jami'ar Harvard, ya dawo ya jagoranci gangamin yin rajistar masu zaɓe a 1992, ya shiga aikin lauya a fannin kare haƙƙin jama'a, yana kuma koyar da dokokin tsarin mulki a jami'ar Chicago, koyarwar da bai daina ba har ƙarshen zamansa a majalisar jiha. Wannan tarbiyya ta ba shi abubuwa biyu da suka yi masa amfani daga baya, wato haƙurin zama da mutane masu buƙatu mabambanta, da kuma sanin yadda kotu za ta karanta kowace kalma da aka sa a cikin doka.

Damar takara ta samu ne a 1995, lokacin da Alice Palmer, wadda ke kan kujerar mazaɓa ta 13, ta nemi kujerar majalisar wakilan tarayya, ta kuma goyi bayan Obama ya gaje ta. Da ta sha kaye a hannun Jesse Jackson ƙarami a zaɓen fitar da gwani, sai ta dawo tana neman tsohuwar kujerarta, wasu manyan baƙaƙen fata na birnin kuma suka nemi Obama ya janye mata, amma ya ƙi. A dokar jihar, duk mai son sunansa ya fito a takardar zaɓe sai ya kawo sa hannun wani adadi na masu rajista daga mazaɓar, kuma abokin takara yana da damar ƙalubalantar ingancin waɗannan sa hannu. Mutanen Obama sun yi amfani da wannan dama a kan Palmer da wasu 'yan takara uku, aka tarar sa hannun da suka inganta bai kai adadin da ake buƙata ba, don haka ya tsaya shi kaɗai a zaɓen fitar da gwani na Maris 1996, ya kuma ci babban zaɓe cikin sauƙi a watan Nuwamba. Abin da ya yi bai saɓa wa doka ba, amma ya bar ƙulli a zukatan wasu 'yan majalisa baƙaƙen fata da ke ganin girman Palmer, waɗanda suka karɓe shi a Springfield a matsayin baƙo mai ji da iliminsa, kuma wannan tsamin dangantaka ya bi shi shekaru.

Shekarun rashin rinjaye

Ɗan majalisar da jam'iyyarsa ba ta da rinjaye yana da hanyoyi biyu: ko ya riƙa gabatar da ƙudirorin da ya san ba za su wuce ba domin jama'arsa su ga matsayinsa, ko ya nemi wuraren da buƙatarsa ta haɗu da ta masu rinjaye ya samu abin da zai samu. Obama ya bi duka biyun. Ya gabatar da shawarar a gyara tsarin mulkin jihar domin a mayar da kula da lafiya haƙƙin kowane mazauni, shawarar da ba ta je ko'ina ba. A ɗaya ɓangaren kuma ya ƙulla hulɗa da 'yan Republican da 'yan Democrat fararen fata na wajen Chicago, har ya zama ɗaya daga cikin masu zaman karta da dare a Springfield, inda ake sanin halin juna fiye da yadda ake sani a zauren muhawara.

Aikinsa mafi muhimmanci a wannan lokaci shi ne dokar ɗa'ar 'yan siyasa ta 1998. Kafin wannan shekara, doka ba ta hana ɗan siyasar Illinois ya kashe kuɗin da aka tara masa don yaƙin neman zaɓe a kan buƙatun kansa ba, kuma masu kamun ƙafa, wato wakilan kamfanoni da ƙungiyoyi da ake biya domin su shawo kan 'yan majalisa, suna ba da kyaututtuka kusan yadda suka ga dama. Tsohon sanatan tarayya Paul Simon, wanda ya kafa cibiyar nazarin manufofin gwamnati a jami'ar Kudancin Illinois bayan ya bar siyasa, shi ne ya nemi shugabannin majalisa su ba da wakili ɗaya daga kowace jam'iyya a kowane zaure domin su tsara gyara. Jagoran 'yan Democrat a majalisar dattawa, Emil Jones, ya zaɓi Obama, 'yan Republican kuma suka ba da Kirk Dillard. Aiki ne da ba kowa ke so ba, domin ma'anarsa ita ce mutum ya je ya shawo kan abokan zamansa su rufe wa kansu ƙofar samu. Dokar da Gwamna Jim Edgar ya sa wa hannu ta hana karɓar mafi yawan kyaututtuka daga masu kamun ƙafa, ta hana amfani da kuɗin kamfe don buƙatun kai, ta taƙaita tarukan neman gudummawa a babban birnin jihar a ranakun zaman majalisa, ta kuma wajabta wa manyan kwamitocin kamfe su riƙa miƙa bayanan kuɗinsu ta kwamfuta yadda jama'a za su iya dubawa. Farashin da aka biya don samun ƙuri'u shi ne an bar wa tsofaffin mambobi damar cin kuɗin da suka riga suka tara kafin dokar, kuma ba a sa iyaka ga yawan gudummawar da mutum ko kamfani zai iya bayarwa ba.

A 2000 yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin ƙudirin da ya kafa rangwamen haraji na jiha ga ma'aikata masu ƙaramin albashi, wanda aka ɗora a kan irinsa na tarayya da kashi 5 cikin 100. A wannan shekarar ce kuma ya gamu da babban kayensa na siyasa, lokacin da ya ƙalubalanci Bobby Rush, ɗan majalisar wakilan tarayya mai tushe a gwagwarmayar baƙaƙen fata, a zaɓen fitar da gwani. Watanni kaɗan kafin zaɓen, a Disambar 1999, an kira zaman gaggawa kan wata dokar taƙaita bindigogi yana hutu a Hawaii, bai dawo ba saboda rashin lafiyar 'yarsa, ƙudirin ya faɗi da ƙaramin rata, jaridu kuma suka yi masa ca. Rush ya doke shi da kusan ƙuri'a biyu a kan kowace ɗaya. Waɗanda suka yi aiki da shi sun lura cewa bayan wannan kaye ya rage dogon jawabi irin na malamin jami'a, ya ƙara mai da hankali ga aikin kwamiti da neman ƙuri'ar abokan aiki ɗaya bayan ɗaya.

Sauyin 2003 da dokar naɗar tambayoyin 'yan sanda

Bayan kowace ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma, ana sake shata iyakokin mazaɓu, kuma a Illinois idan jam'iyyun biyu suka kasa daidaitawa, ana zaɓen mai raba gardama ne ta hanyar jefa ƙuri'ar sa'a. A 2001 sa'ar ta faɗo wa 'yan Democrat, suka zana taswirar da ta ba su rinjaye a majalisar dattawa a zaɓen 2002, shekarar da Rod Blagojevich ya ci kujerar gwamna, wadda rabon jam'iyyar da ita tun 1977. Sabuwar taswirar ta kuma miƙa mazaɓar Obama zuwa arewa har cikin unguwannin masu hali na tsakiyar Chicago, abin da ya haɗa shi da manyan masu ba da gudummawa. Emil Jones ya zama shugaban majalisa a Janairun 2003, Obama ya zama shugaban kwamitin lafiya da jin daɗin jama'a, kuma a shekaru biyun da suka biyo baya ne aka zartar da mafi yawan dokokin da ake tuna shi da su.

Wadda ta fi nauyi a cikinsu ta samo asali ne daga rikicin hukuncin kisa. Daga 1977, lokacin da jihar ta dawo da wannan hukunci, zuwa 2000, an kashe mutum 12 bisa hukuncin kotu, amma an wanke mutum 13 da ke jiran a kashe su, ciki har da Anthony Porter, wanda saura kwana biyu a zartar masa da hukunci a 1998 aka dakatar, aka kuma sake shi a shekara mai zuwa bayan binciken ɗaliban aikin jarida na jami'ar Northwestern. Ban da haka, akwai zarge-zarge masu yawa cewa wani kwamandan 'yan sandan Chicago mai suna Jon Burge, wanda aka kora daga aiki a 1993, shi da yaransa sun shafe shekaru suna azabtar da waɗanda ake tuhuma, galibinsu baƙaƙen fata, da duka da jona lantarki da toshe numfashi har su amsa laifi. A Janairun 2000 Gwamna George Ryan, ɗan Republican wanda a da yake goyon bayan hukuncin kisa, ya dakatar da zartar da shi, ya kafa kwamitin bincike wanda ya fitar da shawarwari 85 a 2002, kuma dab da barinsa mulki a Janairun 2003 ya yi wa mutum huɗu afuwa ya sassauta hukuncin wasu 167.

Ɗaya daga cikin shawarwarin kwamitin ita ce a riƙa naɗar tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake tuhuma da kisan kai. Hikimar abin ita ce, a da ana iya ɗaukar mutum a bidiyo yana amsa laifi a ƙarshen zaman tambayoyi, amma babu wanda ya san abin da ya faru a sa'o'in da suka gabata, don haka idan ya ce wa alƙali an tilasta masa, maganarsa ce kawai a kan ta jami'in da ke sanye da kaki. Obama ya ɗauki wannan ƙudiri a lokacin da ƙungiyoyin 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suke adawa da shi, sabon gwamna bai nuna sha'awa ba, 'yan majalisa da yawa kuma suna tsoron a ce sun goyi bayan masu laifi. Hanyar da ya bi ita ce ya tara dukkan ɓangarorin a zama bayan zama, ya saurari kowane ƙorafi, ya raba wanda yake na gaskiya da wanda yake na neman uzuri. Ga ƙorafin tsada, an yarda a yi amfani da naɗar murya inda babu bidiyo, an kuma ba da shekaru biyu na shiri kafin dokar ta fara aiki. Ga fargabar cewa mai laifi zai kuɓuta saboda na'ura ta lalace, an tsara dokar yadda bayanin da ba a naɗa ba za a ɗauke shi a matsayin wanda ba ya karɓuwa a kotu, amma masu gabatar da ƙara suna da damar kawo hujjar cewa an bayar da shi bisa raɗin kai kuma abin dogaro ne. Ya kuma nuna wa 'yan sanda cewa faifan zai kare jami'i mai gaskiya daga ƙazafi, zai kuma ƙarfafa shari'a a gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Abin da bai sassauta a kai ba shi ne a naɗi tambayoyin tun daga farko har ƙarshe, domin nan ne ran dokar yake.

Ƙudirin ya wuce majalisar dattawa ba tare da ƙuri'ar adawa ko ɗaya ba, gwamna ya sa hannu a 2003, Illinois kuma ta zama jiha ta farko da majalisarta ta kafa irin wannan ƙa'ida ga tuhumar kisan kai, tunda a Alaska da Minnesota kotuna ne suka wajabta ta. Dokar ta ɗore, an faɗaɗa ta zuwa wasu manyan laifuffuka a 2013, jihohi da dama kuma sun bi sahu. Shi kansa Obama bai nemi a soke hukuncin kisa ba, sai magajinsa a kujerar, Kwame Raoul, ne ya jagoranci ƙudirin da ya soke shi a 2011.

A wannan shekara ta 2003 ya jagoranci dokar da ta wajabta wa 'yan sanda su rubuta launin fatar duk direban da suka tsayar da dalilin tsayarwar da ko sun bincike motar, a riƙa tara bayanan a ma'aikatar sufuri ta jiha, domin a mayar da koken baƙaƙen fata na cewa ana takura musu a hanya abin da za a iya aunawa da alƙaluma. An kafa ta ne na ɗan lokaci, aka yi ta sabunta ta har ta zama ta dindindin. Ya kuma ɗauki nauyin faɗaɗa inshorar lafiya ta jiha ga ƙarin dubban yaran ma'aikata marasa ƙarfi, da haramta sayar da ephedra, wani sinadarin rage ƙiba da ƙara kuzari da aka danganta da mutuwar matasa, kafin gwamnatin tarayya ta haramta shi a 2004.

Abin da masu suka suka ce

Suka ta farko ita ce Emil Jones, wanda ya san Obama na shirin neman kujerar sanatan tarayya a 2004, ya riƙa miƙa masa ƙudirorin da wasu suka daɗe suna wahala a kansu. Sanata Rickey Hendon, wanda ya yi shekaru yana tura batun takura wa direbobi a lokacin rashin rinjaye, ya fito fili ya koka kan haka. Wannan suka tana da tushe, kuma tana nuna cewa sunan da ke kan doka ba ya ba da cikakken labarin waɗanda suka share mata hanya. Sai dai miƙa wa mutum ƙudiri bai isa ya mayar da adawar 'yan sanda goyon baya ba, kuma shi kansa Dillard, ɗan jam'iyyar hamayya, ya shaidi iya sasantawarsa a bainar jama'a.

Suka ta biyu ta shafi yadda yake kaɗa ƙuri'a. A majalisar Illinois akwai maɓalli uku: na amincewa, na ƙi, da na uku wanda ke nuna mamba yana nan amma bai zaɓi ɓangare ba, kuma tunda ana buƙatar ƙuri'u 30 na amincewa, na ukun yana da sakamako ɗaya da ƙi. Obama ya danna shi kusan sau 130 a cikin ƙuri'u kimanin 4,000, abin da ɓangaren Hillary Clinton, abokiyar hamayyarsa a neman takarar shugaban ƙasa ta 2008, ya yi amfani da shi don nuna cewa yana gudun ɗaukar matsayi. Wasu daga cikin waɗannan ƙuri'u dabara ce da jam'iyya ta tsara tare, wasu nuni ne cewa ya yarda da manufar ƙudiri amma yana ganin ya saɓa wa tsarin mulki, wasu kuma, musamman a batutuwa masu zafi irin su zubar da ciki da hukunta yara masu laifi, sun ba shi mafaka daga fushin masu zaɓe. Mai adalci zai ce al'adar majalisar ce, amma al'ada ce da ke wahalar da talaka wajen gane inda wakilinsa ya tsaya.

Suka ta uku, wadda ta fi zurfi, ita ce sasantawar tana cinye manufa. Ƙudirinsa na 2004 kan kula da lafiya ga kowa ya fara ne da nufin ɗora wa jiha wajibci, ya ƙare a matsayin dokar kafa kwamitin nazari bayan kamfanonin inshora sun matsa. Dokar ɗa'a ta 1998 ma ba ta hana a ɗaure Gwamna Ryan kan cin hanci ba, ba ta kuma hana Blagojevich yunƙurin sayar da kujerar sanatan tarayya da Obama ya bari ba, laifin da ya kai ga tsige shi a Janairun 2009, kuma sai bayan wannan abin kunya ne jihar ta sa iyaka ga gudummawar kamfe. Shi ma Obama ya karɓi gudummawa daga Tony Rezko, ɗan kasuwar da kotu ta samu da laifin zamba a 2008, ko da yake ba a tuhumi Obama da laifi ba. Hujjar masu cewa da babu gara ba daɗi tana da ƙarfi ne kawai idan abin da aka samu yana da haƙori, kuma a nan ne bambanci ya fito tsakanin dokar naɗar tambayoyi, wadda aka sassauta gefenta aka bar zuciyarta, da dokar lafiya, wadda aka bar sunanta aka cire ƙarfinta.

Abin lura ga majalisun jihohin Najeriya

Najeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa da gwamnoni masu cikakken iko daga Amurka a kundin 1979, kundin 1999 kuma ya ci gaba da shi, sai dai majalisun jihohinta zaure ɗaya ne mai mambobi daga 24 zuwa 40, kuma rundunar 'yan sanda ta tarayya ce. Duk da haka, tsarin gudanar da shari'ar laifuffukan jiha yana hannun majalisar jiha, kuma matsalar amsa laifi bisa tilas sananniya ce a kotunan ƙasar. Legas ta sa batun ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo a dokarta tun kafin tarayya ta kafa dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda ita ma ta tanadi hakan, jihohi irin su Kaduna da Kano kuma suka yi nasu daga baya. Abin da aikin Springfield ya ƙara a kan rubuta tanadi shi ne an zauna da waɗanda za su aiwatar da shi tun kafin a zartar, an ba su lokacin shiri, an kuma fayyace abin da zai faru da shari'ar idan aka ƙi bi. Tanadin da ba a haɗa shi da kuɗin na'ura da horar da jami'ai da sakamakon saɓawa ba yakan tsaya a takarda, kuma bin diddigin waɗannan abubuwa a kasafin kuɗi da zaman kwamiti aikin ɗan majalisa ne.

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ma'aunin da ya fi adalci. Yawan ƙudirori ba ya nuna komai sosai, domin sunan Obama ya fito a kan fiye da 800, amma waɗanda suka sauya rayuwar mutane ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Haka kuma ba daidai ba ne a hukunta ɗan majalisa da ƙarancin dokokinsa alhali ƙofar kwamiti a rufe take gare shi, kamar yadda ba daidai ba ne a ba shi shi kaɗai yabon abin da rinjayen jam'iyya ya kawo. Tambayoyin da suka dace su ne: me ya yi da shekarun da ba shi da iko, shin ya san batunsa fiye da masu adawa da shi, me ya yarda ya bari a teburin sasantawa kuma me ya ƙi bari, sannan shin dokar tana aiki bayan ya tafi. A kan waɗannan tambayoyi Obama ya ci wasu ya faɗi wasu, amma wanda ake tuhuma da kisan kai a Illinois a yau yana shiga ɗakin tambayoyi da kariyar da waɗanda suka faɗa hannun Burge ba su samu ba. Masu zaɓe da ke auna wakilinsu na jiha da rabon kayan sallah da halartar biki kaɗai suna yafe masa babban nauyin da ke kansa, domin kujerar da suka ba shi tana da ikon samar da irin wannan kariya, kuma haƙƙinsu ne su tambaye shi ko ya yi amfani da ita.